Mijinyawa na Tasawa: Sarkin Katsina a Inuwar Faransa

A ƙarshen shekarar 1899 wani hafsan sojan Faransa mai suna Lamy ya fito daga Damagaram da rundunarsa, ya nufo yamma zuwa ƙasar Tasawa. Dawaki da hatsi ne suka fito da shi. Ayarinsa ya ƙetaro Sahara tun daga Aljeriya, raƙumansa sun ƙare a duwatsun Azbin, ga doguwar tafiya zuwa Tafkin Cadi tana jiransa. A Tasawa ya iske wani mai tasa buƙatar: Mijinyawa, wanda takardun Faransawa ke rubutawa Moussignaoua, sarki mai rawani da asali, amma ba shi da ƙarfin da zai sa garuruwa su kawo masa gaisuwa. Lamy ya zaga ƙasar da bindigoginsa, garuruwan da suka ƙi bin sarki suka bi, shi kuwa ya koma Damagaram da dawakin da ya zo nema. Mijinyawa ya shiga ƙarƙashin kariyar Faransa. Lamy bai ƙara wata shida a duniya ba, ya mutu a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900 a yaƙinsa da Rabe. Cinikin da suka ƙulla kuwa ya rayu shekara sittin.

Irin wannan sarauta tsohuwar aba ce. Romawa sun ƙware a kanta, suna kiran mai ita sarki, aboki kuma abokin ƙawancen mutanen Rum. Wanda aka fi sani a cikinsu shi ne Hirudus na ƙasar Yahudiya. Ubansa Antifata mutumin Idumiya ne da ya yi wa Romawa hidima, uwarsa kuma daga Larabawan Nabatiya ta fito. Abokan gaba suka kore shi daga ƙasarsa, ya gudu Rum, majalisar dattawan birnin ta naɗa shi sarki a shekara ta 40 kafin haihuwar Annabi Isa, bayan shekara uku sojojin Rum suka buɗe masa ƙofar Ƙudus. Ya mutu yana kan gado, amma a shekara ta 6 miladiyya aka tuɓe ɗansa Arkilawus, aka kawo gwamna Barome. Korarren sarki, baƙin sojoji, sai kumandan a ƙarshe: wanda ya san tarihin Tasawa ba zai ji wannan labari baƙo ba. Bambanci ɗaya ne babba. Hirudus bai gaji sarauta ba, Romawa ne suka yi shi. Mijinyawa kuwa gidansu ya yi ɗaruruwan shekaru yana sarauta kafin wani Bafaranshe ya san inda Gulbin Kaba yake.

Gidan shi ne na Korau, sarakunan Haɓe na birnin Katsina. A 1807 mayaƙan jihadi, cikinsu har da Malam Ummarun Dallaje, suka ci birnin. Sarki Magajin Halidu ya ja da baya zuwa Dankama, aka sake cin su a can, ya faɗa rijiya ya mutu. Waɗanda suka tsira suka naɗa Ɗan Kasawa, suka nufi Damagaram neman mafaka. Nan ne, a ganina, labarin Mijinyawa ya soma, shekara casa'in kafin ya taka Tasawa, domin tun daga wannan rana gidan ya koyi rayuwa da mashin wani. Ɗan Kasawa ya zauna a inuwar Sarkin Damagaram, daga baya ya matsa Gafai. Wajajen 1819 mutanen kwarin Maradi suka yi wa wakilin Fulani mai suna Mani tawaye, suka kashe shi, suka kira Ɗan Kasawa ya zo ya yi musu sarki. Ya zo, ya gina gari, bai kuma taɓa kiran kansa Sarkin Maradi ba. Sarkin Katsina yake, haka ma duk waɗanda suka biyo bayansa, kowannensu yana kallon Maradi a matsayin sansani har ranar da za a koma gida.

Ba a koma ba. Sarki Rauda, wanda ya biyo bayan Ɗan Kasawa, ya haɗa kai da Gobirawa da Buzaye, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya su a Gawakuke a 1836, Rauda ya mutu a fagen fama tare da Sarkin Gobir Ali. Ɗan Mari ya gwada ta wajen Ruma, shi ma bai kai ba. Ɗan Baskore, wanda ya yi sama da shekara ashirin yana sarauta tun daga tsakiyar ƙarnin, shi ya fi kowa matsa wa Katsina lamba, ya kai hari har gindin ganuwa, amma birnin bai faɗo ba. A duk waɗannan yaƙe-yaƙe ba a rasa ɗan taimako daga waje: yau Tsibirin Gobir, gobe Damagaram, jibi Azbinawa. A zo a yi yaƙi tare, a raba ganima, kowa ya kama gabansa.

Sarkin Katsinar Maradi bai kasance mai cin gashin kansa yadda ya ga dama ba. Akwai rukuni, manyan fada huɗu: Galadima, Kaura, Durbi da 'Yandaka. Su ke zaɓen sarki daga cikin 'ya'yan sarki, su kuma ke da ikon juya masa baya. Akwai Iya, mace daga gidan sarauta, uwar 'yan bori da matan gari, wadda maganarta ke da nauyi a fada. Sarkin da ya rasa goyon bayan waɗannan ba ya daɗewa. Bayan rasuwar Ɗan Baskore sai wannan tsari ya karkace. Sarakuna suka riƙa hawa suna sauka cikin 'yan shekaru, ƙarfi ya tattara a hannun mutum ɗaya, Kaura Hasau, jarumin da hare-harensa suka kai ƙasar Kano da Zazzau. Shi ke da dawaki, shi ke da mayaƙa, saboda haka shi ke naɗawa, shi ke tuɓewa. Mijinyawa ya hau gadon kakanninsa a cikin wannan guguwa, suka saɓa da Kaura, wajajen 1897 ya bar Maradi ya koma Tasawa da mutanensa, yana riƙe da sunansa na Sarkin Katsina.

Tasawa ba ƙauye ba ce da za a ce ya ɓuya a cikinta. Tsohon gari ne na Tazarawa, wanda ya daɗe yana bin Katsina, sannan ya bi Maradi. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka a cikinta a watan Janairu 1851, garin Hausa babba na farko da ya gani bayan ya fito daga hamada. Ya ga marina, ya ga kasuwa, ya kuma zauna ya kalli yadda ake ƙidayar wuri dubu ɗari biyar da hannu, ana jan su biyar biyar da yatsu ana tarawa tsibi tsibi. Gari ne na fatake, a kan hanyar ayarin gishiri daga Azbin zuwa Katsina da Kano. Mai riƙe da shi yana da abin da zai ci. Abin da Mijinyawa ya rasa shi ne rundunar da za ta maida shi Maradi.

Ana cikin haka sai ga bala'in da har yau tsofaffi ke ba da labarinsa daga Ƙonni zuwa Maijirgi. Rundunar wasu hafsoshin Faransa biyu, Voulet da Chanoine, ta taso daga bakin Kwara a farkon 1899, tana ƙona garuruwa tana karkashe mutane. Ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla a watan Mayu, ta ratsa arewacin Gobir da Maradi, ta yi ɓarna a Koran Kalgo. Labari ya kai Faransa, aka turo Kanar Klobb ya karɓe ragamar rundunar. Ya bi sawunsu ta kan toka da gawawwaki har ya cim musu a Dankori, kusa da Tasawa, ranar 14 ga Yuli 1899. Voulet ya sa aka harbe shi. Bayan kwana biyu sojojinsu baƙaƙe suka yi bore, suka kashe Chanoine ranar 16, Voulet ranar 17, aka binne su a Maijirgi. Sauran hafsoshin suka ci gaba, suka ci Damagaram a ƙarshen watan.

Duk wannan a ƙofar gidan Mijinyawa ya faru. Wanda zai yi masa hukunci ya kamata ya fara tsayawa a inda ya tsaya. A yamma Kaura Hasau ne. A gabas Damagaram, wadda ta fi kowa bindiga da igwa a yankin, ta faɗi a yini guda. A tsakiya ga talakawa da rumbunansu, sun ga abin da aka yi wa garuruwan da suka rufe ƙofa. Ni dai ban ga wata hanya mai sauƙi da ya bari ba. Kuma ina ganin da idon kakanninsa ya dubi Lamy: ga wasu masu ƙarfi sun zo, a yi amfani da su a kan abokin gaba kamar yadda aka yi da Damagaram da Azbin, in sun gama su wuce. Kuskuren lissafin shi ne waɗannan ba masu wucewa ba ne.

Wani abin da ya ɗaga darajarsa a wurin Faransawa, a Turai aka ƙulla shi. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni 1898 ta zana iyaka da da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, sannan ta bi wasu layuka a kan taswira. Wannan zane ya jefa Maradi da Tsibiri a rabon Ingila, ya bar Tasawa a na Faransa, ya kuma bar wa Faransawa hanya marar ruwa tsakanin Kwara da Damagaram. Suna buƙatar hujjar da za su nemi a gyara. Sai ga shi a hannunsu akwai mutumin da ke cewa shi ne halattaccen sarkin ƙasar Maradi duka. Da aka sake zama a 1904, yarjejeniyar 8 ga Afrilu ta ambaci ƙasar da suna Tasawa-Maradi, Tasawa a gaba, ta ce a bar wa Faransa mutanenta gwargwadon iko. Aka tabbatar a 1906, ayarin shata iyaka na Tilho da O'Shee suka bi ƙasa suna kafa alamu har 1908. Asalin gidan Korau ya yi wa Faransa aiki a teburin shawara fiye da yadda bindigar Faransa ta yi wa gidan Korau aiki a fagen fama, domin Mijinyawa bai koma Maradi ba. Can wani ɗan gidan, Kure, ya zauna a kan gado, Faransawa suka karɓe shi shi ma. Gida ɗaya ya zama fada biyu, kowace da kumandan a kanta.

Kayan aro ba ya rufe katara. Abin da ya sauya a rayuwar talakan Tasawa, da na Korgom da Urafan, da na Mayahi da Kanambakashe a gefen Gulbin Kaba, shi ne inda sarki ke duba in zai yanke shawara. Da, rukuni yake tsoro, da kuma talakawan da in an matsa musu sai su kwashe iyalansu su koma ƙasar wani sarki. Yanzu bariki yake duba. Daga bariki ake aiko da adadin lanho, kuɗin kai da za a biya da kuɗin Nasara, ba da wuri ba. Daga can ake faɗin yawan dammunan gero, da dawaki, da majiya ƙarfi da za su yi aikin tilas a kan hanya ko su ɗauki kaya a ka. Dogarin sarki ne zai shiga gari ya tsaya a ƙofar mai gari, gardin kumandan yana bayansa da bulala. Idan an buɗe rumbu, fuskar da mai gida ya gani ta ɗan garinsu ce. Ko a yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, da shekarun yaƙin duniya na farko da aka riƙa ɗibar samari soja, ta hannun sarakuna aka bi. Da yawa suka tsallaka iyaka zuwa Katsina da Daura, wato suka koma ƙasar da kakanninsu suka baro, wannan karon suna gudun haraji. Aikin tilas bai ƙare a doka ba sai 1946.

Faransawa ba su ɓoye yadda suka ɗauki sarakunan ba. A 1906 suka tuɓe Sarkin Damagaram Amadu Ɗan Basa bisa zargin makirci, suka ɗora bafadensa Ballama, ba su maido da sarautar gidan ba sai 1923. A 1917 Gwamna Janar Van Vollenhoven ya rubuta wa ma'aikatansa cewa iko ɗaya ne a kowace gunduma, na kumandan, sarki kuwa kayan aiki ne kawai. Wani matashin jami'i, Robert Delavignette, ya yi aiki a Tasawa a farkon shekarun 1920. Shi ne aka ce ya sa aka tone kaburburan Maijirgi a 1923 aka tarar babu kowa a ciki. Daga baya ya rubuta littafi a 1939 yana bayyana cewa kumandojin gunduma su ne sarakunan daular na gaskiya. A Tasawa ya ga abin da idonsa.

Darajar da iyaka ta ba garin, iyaka ce ta karɓe ta. Da aka gama shata ƙasa, Maradi ta shigo hannu, buƙatar Faransa ga fadar Tasawa ta ragu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, ayarin Azbin ya ja baya, hanyar kuɗi ta koma ta Maradi zuwa Katsina. A 1927 aka ɗauke hedikwatar gunduma daga Tasawa aka kai Maradi, Tasawa ta zama reshe. Ƙasar da Mijinyawa ya yi da'awa aka yanka ta kanto kanto, kowane da sarkinsa mai amsa wa kumandan kai tsaye. Mayahi ta samu tata hukumar bayan 'yancin kai na 1960. A 2010, lokacin da gwamnatin Nijar ta ɗaga sarautun Katsinar Maradi da Gobir da Doso zuwa matsayin sultan, Tasawa tana cikin jerin kantoci.