Ɗigon Baƙin Mai da Gadon Kanikawan Bici

Wanda ke son sanin inda kanikawan ƙasar Bici suka samo gwanintarsu, ya duba yadda tsofaffinsu ke bin sawun ɗigon baƙin mai a ƙarƙashin Peugeot 504. A ganina wannan ɗan aikin da ake rainawa shi ne jigon sana'ar, kuma tarihin motar ne ya koyar da shi. An fito da 504 a Faransa a 1968, kamfanin Peugeot na Kaduna kuma ya fara haɗa motoci a Kakuri a 1975, shekarar da wata 504 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka. Gwamnati ta ɗauke ta motar ma'aikata, direbobin haya suka rungumi doguwarta mai kujera layi uku, aka ci gaba da haɗa ta a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turawa sun daɗe da barin ta. Bici tana kan hanyar Kano zuwa Katsina, ƙauyukanta a cushe suke, gona na bin gona, saboda haka motar da ke kwasar fasinja da buhunan gero da kwandunan tumatir na kasuwar Badume ba ta san hutu ba.

Abin da ya mayar da gyara ilimi shi ne tsada. Da gwamnatin Babangida ta karya darajar naira a 1986, sabuwar mota ta gagari malamin makaranta, sabon kayan gyara ya gagari direba. Ya zama dole mota ɗaya ta yi shekara ashirin ko talatin tana aiki, bakanike kuma ba shi da halin ya canza kaya barkatai har ya dace. Sai ya koyi bincike kafin ya ɗauki sifana. Ya san mai ba ya ɗiga daga inda ya fito: yana gangarowa daga sama, iskar tafiya kuma tana kora shi baya, don haka tabon da ke ƙasa kan yi ƙarya. Injin 504 a kishingiɗe yake gefe ɗaya, man da ya zubo daga gasket ɗin murfin bawul yakan bi jikin injin har ƙasa, wanda bai sani ba ya ce kwanon mai ne ya fashe. Gwani yakan wanke injin tas da kananzir, ya bari ya bushe, ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya tayar da mota, sannan ya nemi wuri mafi sama da ya fara jiƙewa. Ƙurar hunturu ma tana taimakonsa, domin tana manne wa mai ta zana hanyar da ya bi. Yana duba launi da wari: man inji baƙi ne, na giya yana da kauri da wari mai ƙarfi. Daga nan ya fara da mai araha, wato wosha ta notin juye mai, da robar filta, da gasket ɗin sama, kafin ya kai ga sil ɗin bayan inji, wanda sai an raba inji da giya ake isa gare shi. Kuma kafin ya sa sabon sil yakan duba bututun da inji ke numfashi ta cikinsa, domin in ya toshe, iskar da ta taru a ciki za ta sake turo man waje ko an sa sabo.

Wasu za su ce tsohuwar mota ai dole ta yi yoyo, a riƙa ƙara mata mai kawai. Wannan magana direba ne ke biyan kuɗinta. Man da ya sauka kan farantin kuloci yana sa shi santsi, wanda ya taɓa roba yana ruɓar da ita, ranar da aka manta ba a ƙara ba kuwa inji ya buga. A ƙasa irin ta Bici, inda gareji ke maƙwabtaka da rijiya da gona, man da ya tsiyaya ba ya ɓacewa, ƙasar noma ce ke shanye shi. Wasu kuma za su ce kanikawan da nake yabo su ne masu lafta gam a kan kowace ɓaraka su karɓi kuɗi. Akwai irinsu, ban musa ba, kuma gam da ya yi yawa yakan ɓalle ya toshe ragar famfon mai. Amma wannan aikin wanda ya bar koyarwar maigidansa ne. Tsofaffin da suka ƙware a kan Peugeot 404 da 504 suna yanka gasket da hannunsu daga takardarsa, suna ɗaure notuna bi da bi, a hankali, don kada murfi ya lanƙwashe.

Ƙorafi mafi ƙarfi shi ne zamani ya wuce, motocin yanzu kwamfuta ke faɗin ciwonsu. To amma kwamfuta ba ta nuna inda mai ke fita. Golf da Sharan da suka gaji 504 a tasha su ma tsofaffi ne da aka shigo da su bayan sun gama aiki a Turai, kuma sil ɗinsu yana bushewa a zafin bazara kamar na kowace mota. Iyaye masu kai yaro gareji su nemi maigidan da ke wanke inji kafin ya kwance shi, Kwalejin Ilimin Fasaha ta Tarayya da ke Bici kuma ta gayyaci waɗannan tsofaffi su koyar da ɗalibanta tun suna da ƙarfin riƙe sifana.