Faɗakarwa a kan Nana Asma'u 'yar Shehu da karantar da mata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa, barin mace cikin jahilci ba ya daga tafarkin magabatanmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya zargi malaman zamaninsa a cikin littafinsa Nurul Albab, domin suna karantar da almajirai a zaure, matansu da 'ya'yansu mata kuwa suna cikin gida ba su san farillan alwala ba.

Dubi 'yarsa Nana Asma'u. An haife ta a shekara ta 1793, tana yarinya aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi wallafa da Larabci da Fillanci da Hausa. Mijinta shi ne Waziri Giɗaɗo, ɗan'uwanta kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Da ta ga matan ƙauye ba su da ikon barin ɗakunansu su zo gare ta, sai ta zaɓi dattijai mata masu hankali da amana, ta naɗa su jajoji, ta ba kowace malfa da jan rawani. Jaji ta kan zo tare da tsofaffi da 'yan mata, su ɗauki karatu a bakinta, su koma su isar wa matan aure. Su ne ake kira 'Yan Taru. Cikin waƙa ta shirya musu tauhidi da hukunce-hukuncen salla da tarihin Annabi, domin waƙa tana zama a zuciyar wadda ba ta san baƙi ba, tana daka tana maimaitawa. Da ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da wannan aiki.

To, ya kai mai karatu, ita ba ta da mota, ba ta da injin buga littafi, amma karatunta ya kai ƙauyuka masu nisa. Kai kuma makaranta tana ƙofar gidanka. Wane uzuri za ka kawo ranar da za a tambayi kowane makiyayi abin da aka ba shi kiwo? Ka tambayi iyalinka yau abin da ke ɓata salla. In ba su sani ba, nauyin yana wuyanka.

Allah Ya ba mu ikon gyarawa, Ya gafarta mana da iyayenmu da malamanmu. Amin.