Lissafin Shekarun Sarakunan Katsina: Tarihin Saɓani da Daidaitawa

Jerin sarakunan Katsina shi ne lissafin waɗanda suka riƙe sarautar ƙasar tun daga Kumayau har zuwa Magajin Haladu, wanda mulkin Haɓe ya ƙare a hannunsa wajen 1807. An same shi rubuce da Larabci a 'yan takardun da ke hannun malamai, an kuma ji shi a bakin maroƙa da makaɗan fada a Katsina da Maraɗi da Tasawa. Siffarsa kusan ɗaya ce ko'ina: sunan sarki, wani lokaci da na mahaifinsa, sai yawan shekarun da ya yi a kan gado. Ba kasafai ake faɗin shekarar Hijira ba. Don haka duk shekarar Miladiyya da mai karatu ya gani a gefen sunan wani sarkin Katsina na dauri, wani ne ya zauna ya lissafo ta daga baya, kuma masu lissafin sun daɗe ba su tsaya a kan magana ɗaya ba.

Saɓanin ya fi fitowa fili a kan Muhammadu Korau, mutumin 'Yandoto da labari ya ce ya kayar da Sanau a kokawa ya karɓe sarauta, wanda kuma ake ɗauka shi ne sarkin Katsina Musulmi na farko. A ƙananan littattafai da jawaban bukukuwa, musamman idan ana maganar hasumiyar Gobarau, an fi cin karo da 1348 zuwa 1398. A littafin Hogben da Kirk-Greene na 1966 kan masarautun Arewa an sa shi tsakanin 1492 da 1542. Yusufu Bala Usman kuwa ya ajiye shi daga wajen 1445 zuwa farkon shekarun 1490. Abin lura shi ne duk ukun sun yarda Korau ya yi kimanin shekara hamsin yana mulki. Inda za a kafa turken da za a ɗaure waɗannan shekaru hamsin, nan ne aka rabu, kuma tsakanin turken farko da na ƙarshe akwai kusan ƙarni ɗaya da rabi.

Masu tattarawa na farko

Baturen da ya fara rubuta wani abu mai kauri kan sarakunan Katsina shi ne Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim. Ya shiga birnin a 1851 zamanin Sarki Muhammadu Bello, ya sake komawa a 1853. Ya ji ana haɗa zuwan Shehu Maghili da wani sarki mai suna Ibrahim Maje, ya kuwa rubuta haka. Wannan haɗin ya daɗe yana jan masu lissafi a baya.

Bayansa sai H. R. Palmer, jami'in mulkin mallaka da ya tsaya aka naɗa Muhammadu Dikko a 1906. Palmer ne ya fassara Tarihin Kano zuwa Ingilishi a 1908, ya buga maƙala kan tarihin Katsina a 1927, sannan ya fitar da Sudanese Memoirs a 1928. A ɗaya ɓangaren iyaka, Landeroin na tawagar Tilho ta Faransa, wadda ta yi aikin shata iyaka daga 1906 zuwa 1909, ya tattara nasa jerin a wurin zuriyar sarakunan Haɓe. F. de F. Daniel ya rubuta nasa tarihin Katsina a shekarun 1930. Kowannensu ya samu jerin da ya ɗan bambanta da na ɗan'uwansa, kuma hanyarsu ɗaya ce: a kama shekarar jihadi, wadda aka tabbatar, a riƙa ɗebe shekarun kowane sarki ana komawa baya.

Hanyar tana da sauƙi, amma kowane kuskure a cikinta taruwa yake yi. Malamin da ya rubuta cewa sarki ya yi shekara hamsin, shekarar wata yake nufi, mai kwana 354, wadda ta gaza ta rana da kwana goma sha ɗaya. A ƙarni guda bambancin ya kai shekara uku, a ƙarni huɗu sha biyu, tun ba a taɓo sauran matsaloli ba. Akwai cike lissafi, inda shekara bakwai da wata uku ke zama takwas. Akwai sarkin da ya yi 'yan watanni ko aka tuɓe shi, wanda wani jerin ya ambata wani ya tsallake. Akwai kuma laƙabi irin Karyagiwa da sarki fiye da ɗaya ya amsa, har mai kwafa ya mayar da mutum biyu ɗaya, ko ya tsaga ɗaya biyu. Shi kansa Korau bai tsira ba: wasu jerin sun ware Korau daban, Muhammadu Korau daban. Sarakunan farkon jerin kuwa, wato Durɓawa, an ba wasunsu shekaru fiye da ɗari kowanne, abin da ke nuna sunan gida ne ko na zamani guda aka rataya wa mutum ɗaya.

Shaidu daga waje

Daga shekarun 1960 aikin ya sauya salo. H. F. C. Smith, wanda ya zama Abdullahi Smith bayan ya musulunta, da John Hunwick da ɗalibansu sun daina dogaro da ɗebe lissafi kaɗai. Sai suka shiga neman takardun da aka rubuta a wasu ƙasashe, masu ɗauke da shekara, waɗanda suka ambaci Katsina.

Mafi nauyi a cikinsu ita ce wasiƙar nasiha da Jalaluddin Suyuɗi ya aiko daga Masar zuwa ga sarakunan Takrur, inda ya ambaci sarkin Agadas da kuma Ibrahim mai Katsina. An haifi Suyuɗi a 1445, ya rasu a 1505, don haka dole a samu wani Ibrahim a gadon Katsina kafin 1505. To, wanne? Jerin yana da biyu a wannan tsakani: Ibrahim Sura, wanda ya gaji Korau ya yi ɗan gajeren mulki, da Ibrahim Maje, wanda ya zo bayan Ali Murabus da wasu. Wanda ya ce Maje ne, dole ya tura Korau can cikin ƙarni na 14. Wanda ya ce Sura ne, sai Korau ya faɗo tsakiyar ƙarni na 15, ya zama tsaran Muhammadu Rumfa na Kano da Muhammadu Rabbo na Zazzau. Lissafin da ya fara mulkin Korau a 1492 kuwa ya faɗi warwas a nan, domin zai sa Sura ya hau gado shekara talatin da wani abu bayan an binne wanda ya rubuto masa wasiƙa. Hunwick ya bi diddigin irin wannan a maƙalarsa ta 1973 a mujallar Kano Studies, kuma ra'ayin da ya ɗauki Sura shi ne ya rinjaya a jami'o'i, Maje ya koma tsakiyar ƙarni na 16.

Sauran shaidun ba su kai wannan kaifi ba, amma suna tallafawa. Maghili ya rubuta wa Rumfa nasiha a shekarar 897 Hijiriyya, wato wajen 1492, ya rasu wajen 1504. Ahmad Baba na Timbuktu ya kawo tarihin alƙalin Katsina Aida Ahmad, wanda Katsinawa ke kira Ɗan Takum, ya ce ya rasu wajen 936 Hijiriyya. Tarikh al-Sudan ya ambaci yaƙin Askiya Muhammadu da Katsina wajen 1513, da karon da mahayan Askiya Dawuda ashirin da huɗu suka yi da dawakin Katsina ɗari huɗu a Karfata wajen 1554. Matsalar ita ce marubucin Songhai bai damu ya faɗi sunan sarkin Katsina na lokacin ba. A ƙarni na 17 akwai waƙar yabo da Ɗan Marina ya yi wa wani sarki Karyagiwa, mai ɗauke da shekarar 1070 Hijiriyya, wato 1659, wadda Hamidu Bobboyi da Hunwick suka buga a 1991. Ita ma tambaya ta tayar: wane sarki ne ke amsa wannan laƙabi a 1659?

An kuma jingina da Tarihin Kano, tun da ya faɗi yaƙe-yaƙen garuruwan biyu, daga na zamanin Rumfa mai shekara goma sha ɗaya, zuwa wanda Kutumbi ya rasa ransa a sanadinsa, zuwa sulhun da malamai suka ƙulla a zamanin Shekarau. Sai dai wanda aka jingina da shi ɗin ma yana da nasa ciwon. Shekarun da aka saba gani a gefen sarakunan Kano, tun daga 999 ta Bagauda, Palmer ne ya lissafo su da waccan hanyar ta komawa baya. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun iso zamanin Yaji, a ƙarni na 14. Amma littafin Wangarawan kansu, Asl al-Wangariyyin, wanda Muhammad al-Hajj ya buga a 1968, ya ce sun bar Mali a 835 Hijiriyya, wajen 1432, kuma Rumfa suka tarar a Kano. Murray Last da M. G. Smith da Hunwick sun yi ta muhawara a kan yaushe aka harhaɗa Tarihin Kano da kuma wa ya harhaɗa shi, har ra'ayi ya karkata zuwa ƙarshen ƙarni na 19.

    Duk da waɗannan ɓaraka, duk lokacin da mai tarihin Katsina ya share suna ko ya ƙara wa wani sarki shekaru don lissafi ya cika, ya shiga sahun masu ƙagawa.

Abin da kudancin Katsina ya ƙara

Gyara mafi zurfi ya zo daga wani ɗan kudancin Katsina. An haifi Yusufu Bala Usman a Musawa a 1945, ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1974, aka buga aikin a 1981 da sunan The Transformation of Katsina, 1400–1883. Bai tsaya a fada ba. Ya bi garuruwa yana jin labarin gidajen sarauta da na malamai da na masu sana'a, kuma abin da ya fito masa shi ne ƙasar Katsina ba daga tushe ɗaya ta tsiro ba. Yankin da ake kira Katsina Laka, mai ƙasa mai nauyi da ruwan sama wadatacce, yana da tsofaffin cibiyoyinsa: Gozaki da ke ƙasar Kafur kusa da Malumfashi, Maska kusa da Funtua wadda ta yi suna a saƙa da rini, da Birnin Kogo wajen Faskari. Kowacce da nata masu sarauta da nata jerin. Idan haka ne, ba lalle ba ne sunayen da aka jera ɗaya bayan ɗaya a farkon jerin Katsina su zama sun gaji juna. Wasu na iya zama masu mulki a wurare daban a lokaci guda. Jerin, a wannan fahimta, hujjar cancantar gida ce ta riƙe takobin Gajere da sauran kayan sarauta, kuma mai neman kalanda a cikinsa yana tambayarsa abin da ba don shi aka yi shi ba. Wannan ne ya sa Usman da malaminsa Abdullahi Smith suka ƙi karɓar labarin Bayajida a matsayin mafarin lissafi.

Jerin garuruwan kudu sun fi na birni wuyar ɗaurewa. 'Yandoto, wadda ta fi ko'ina tarin malamai a wannan nahiya, mayaƙan Muhammadu Bello sun ci ta a farkon jihadi, malamanta suka watse, kuma batun takardun da suka tarwatse a can ya shiga cikin musayar wasiƙu tsakanin Bello da Shehu al-Kanemi na Barno. Daga baya Turawa suka sake zana ƙasar: Galadiman Katsina ya zauna a Malumfashi, Sarkin Maska ya koma Funtua, inda auduga da jirgin ƙasa suka ja jama'a. Jami'an da ke zagayen kimanta haraji sukan tambayi hakimi ko dagaci sunayen magabatansa su rubuta a littafin gunduma, kuma yawancin waɗannan takardu suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna. Amma wanda ake tambaya a gaban mai ikon tuɓe shi ya san sunan da zai ambata da wanda zai haɗiye, musamman inda jihadi ya sauya gidan sarauta. Ga ƙarni na 19 da na 20 akwai abin dafawa, domin manoma da makiyaya suna riƙe zamani da manyan masifu: annobar shanu ta wajen 1890 da ake kira Sannu, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da 'Yar Gusau ta farkon shekarun 1940. Dagacin da aka ce an naɗa shi shekara biyu bayan Kakalaba, an san lokacinsa. Abin da ya wuce jihadi baya, wannan dabara ba ta kai can.

Binciken ƙarƙashin ƙasa ya ba da nasa taimakon, amma a arewa. Kaburburan Durɓi ta Kusheyi kusa da Mani, waɗanda Palmer ya fara tonawa a 1907 aka sake tonawa a 1992, gwajin kimiyya ya sa su tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Sun tabbatar da cewa akwai manyan masu mulki da dukiya a wurin a wancan zamani, ba tare da sun ba kowa suna ba.

Bayan 1807

Daga jihadi jerin ya rabu biyu. A Birnin Katsina ya bi ta Ummarun Dallaje, Siddiku, Muhammadu Bello, Ahmadu Rufa'i, Ibrahim, Musa, Abubakar da Yero, sannan gidan Dikko daga 1906: Usman Nagogo a 1944, Muhammadu Kabir Usman a 1981, Abdulmumini Kabir Usman a 2008. Saɓani a nan bai wuce na shekara ɗaya ko biyu ba, saboda akwai wasiƙun Sakkwato da bayanan matafiya. A Maraɗi kuwa, inda har yau ake kiran mai sarautar Sarkin Katsina, jerin bai san da yankewa ba: daga Magajin Haladu sai Ɗan Kasawa, a bi ta Rauda da Ɗan Mari har zuwa Ɗan Baskore da waɗanda suka biyo shi. Issaka Dankoussou ya tattara labaran wannan ɓangare aka buga a Yamai a 1970. Da yake gidajen biyu sun shafe ƙarni suna kai wa juna hari, kowane yaƙi yana da suna a jeri biyu, kuma da haka ake gwada shekarun Maraɗi da na Katsina.