Fada Damien da Kutaren Molokai

A makon da ke gaban bikin Ista, wanda Kiristoci ke kira Mako Mai Tsarki, ana tuna daren da Yesu ya ɗaura tawul a ƙugu ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bayi ke yi wa baƙi a wancan zamani. Idan muna neman wanda ya ɗauki darasin da gaske, tarihi ya ba mu wani Fada ɗan Beljiyam da ya rasu ranar Litinin ta irin wannan mako, 15 ga Afrilu 1889.

Sunansa na yanka Jozef De Veuster, ɗan manoma, an haife shi a Tremelo a 1840. Yayansa ne aka zaɓa ya tafi wa'azi tsibiran Hawayi, sai ciwo ya kwantar da shi, ƙanin ya roƙi a tura shi a madadinsa. Ya sauka Honolulu a 1864, aka naɗa shi Fada a shekarar.

A lokacin kuturta ta addabi tsibiran. A 1865 Sarki Kamehameha na Biyar ya amince da dokar ware masu cutar, daga 1866 kuma aka fara kwashe su zuwa wani zirin ƙasa a tsibirin Molokai, teku ta gefe uku, dogon dutse ta baya. An raba uwa da ɗa, miji da mata. Kafin a soke dokar a 1969, kimanin mutum 8,000 aka kai can.

Damien ya isa ranar 10 ga Mayu 1873, shekarar da likita Hansen ya gano ƙwayar cutar a Norwe, amma magani sai bayan shekaru kusan 70. An shirya limamai su riƙa karɓa-karɓa, shi kuwa ya nemi a bar shi ya zauna. Ya wanke gyambo ya ɗaure, ya gina gidaje, ya taimaka aka jawo ruwa da bututu, ya sassaƙa akwatunan gawa, ya haƙa kaburbura. Abin da ya fi girgiza mutane shi ne yana sa hannu a kwano ɗaya da marasa lafiya. Mu da muka san yadda ake jefa wa kuturu sadaka daga nesa a bakin kasuwa, mun san nauyin wannan loma.

Ya ɗanɗani wariyar shi ma. Wata rana shugabansa ya zo a jirgin ruwa, aka hana shi sauka, aka hana Damien hawa. Sai ya matso a kwalekwale ya furta zunubansa da ƙarfi cikin Faransanci, a bainar jama'a.

A ƙarshen 1884 ya tsoma ƙafa a ruwan zafi, fata ta sale, bai ji komai ba. Nan ya gane cutar ta kama shi. A huɗubarsa yakan ce "mu kutare", yanzu maganar ta tabbata a jikinsa. Ya ci gaba da aiki fiye da shekara huɗu, ya rasu yana ɗan 49.

Ba a rasa masu suka ba. Wani limamin Furotesta a Honolulu, Charles Hyde, ya kira shi ƙazami mai taurin kai. Marubuci Robert Louis Stevenson, wanda ya ziyarci wurin, ya mayar masa da martani a 1890: ya yarda Damien na da kaushin hali, amma shi ne ya je ya zauna, mai sukar yana gidansa na alfarma. A nan muke gane cewa tawali'u ba lallai ya zo da laushin murya ba. Wani lokaci sai a wurin da mutum ya yarda ya kwana ake ganinsa.

Kada kuma mu manta da 'yan Hawayi masu lafiya da suka bi 'yan uwansu don jinya tun kafin zuwansa. Su ma sadaukarwar suka yi, ko da yake duniya ba ta riƙe sunayensu kamar nasa ba.

A 1936 aka mayar da gawarsa Beljiyam. A 1995 aka dawo da hannunsa na dama aka binne a kabarinsa na farko a Molokai, a 2009 kuma Fafaroma Benedict na 16 ya ayyana shi waliyyi. Yau kuturta tana warkewa, maganinta kyauta ne. Ƙyamar ce ta rage, ita kuwa tana hannunmu.