Gudawa ga ƙananan yara: alamomin haɗari da abin da ya kamata a yi

Gudawa, ko zawo, na daga cikin cututtukan da kusan babu gidan da ba ta taɓa shiga ba, kuma wannan sabo da aka yi da ita ne ya sa ake raina ta. A ma'aunin likitoci, yaro yana gudawa idan ya yi bayan gida mai ruwa-ruwa sau uku ko fiye a cikin sa'o'i 24. Jaririn da ke shan nonon uwa zalla yakan yi kashi mai laushi sau da dama a yini, wannan ba gudawa ba ce. Abin lura shi ne sauyi daga yadda ya saba. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa cutar tana hallaka yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 400,000 a kowace shekara, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi ɗanɗana wannan asara.

Likitoci sun kasa ta gida uku. Akwai mai ruwa zalla wadda kan ɗauki sa'o'i ko 'yan kwanaki, a nan ne kwalara take. Akwai mai haɗe da jini, wato atuni. Sai kuma mai nacewa, wadda ta kai kwana 14 ko ta wuce. Galibi ƙwayoyin cuta ne ke haddasa su, suna shiga ta baki daga ruwa, abinci ko hannun da kashi ya gurɓata. A tsakanin jarirai da 'yan yaye, ƙwayar cutar da ake kira rota ce kan gaba wajen jawo gudawa mai tsanani.

Batun haƙori

Da wuya a yi zancen gudawar yaro a ƙasar Hausa ba a ji an ce "ai haƙori ne" ba. Gaskiya ne lokutan biyu sukan zo tare, amma fitowar haƙori ba ta haddasa gudawa. Abin da ke faruwa shi ne, daga wata shida zuwa sama kariyar da jariri ya gada daga jikin mahaifiyarsa tana raguwa, a daidai lokacin da ake fara ba shi kunu da koko, ya soma rarrafe, kuma dasashinsa na ƙaiƙayi, duk abin da ya tsinta a ƙasa sai ya kai baki. Ta nan ƙwayoyin cutar ke samun ƙofa. Illar wannan fahimta ba ƙarama ba ce, domin uwar da ta yarda haƙori ne sai ta zauna jiran haƙorin ya fito, alhali ruwan jikin ɗanta na ƙarewa.

Ƙarewar ruwan nan ita ce ainihin haɗarin. Kowane zawo da kowane amai yana fita da ruwa da gishirin da jiki ke buƙata, jikin ƙaramin yaro kuwa ba shi da ajiya mai yawa. Yaron da ya wayi gari yana wasa zai iya galabaita kafin dare.

Alamun farko su ne ƙishirwa mai yawa, rigima da rashin natsuwa, bushewar baki da raguwar fitsari. Idan abin ya yi gaba sai idanu su zurma, yaro ya yi kuka ba hawaye, maɗigar jariri ta faɗa ciki. Wannan faɗawar maɗiga ma an daɗe ana ɗaukar ta a matsayin wani ciwo na daban, har a riƙa kwaɓa magani ana shafawa a tsakar kan. Alama ce kawai ta cewa ruwa ya ƙare, kuma takan ciko da kanta idan ruwan ya dawo. Akwai gwaji mai sauƙi da ma'aikatan lafiya ke yi: a kama fatar cikin yaron da yatsu biyu, a ɗaga, a saki. Idan ta koma nan take, da sauƙi. Idan ta tsaya a tattare ta ɗauki fiye da daƙiƙa biyu kafin ta kwanta, lamarin ya yi tsanani.

Ruwan gishiri da sukari

Maganin wannan matsala yana cikin mafi arha a duniya. Bincike a shekarun 1960 ya tabbatar da cewa hanji, ko yana cikin gudawa, yana iya tsotsar gishiri da ruwa matuƙar akwai sukari daidai gwargwado a tare da su. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare. Wani likitan yara, Dakta Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa haɗa gishiri da sukari a cikin ganguna, 'yan uwan marasa lafiya na ɗura musu da kofi. Mace-mace a sansaninsa suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Daga nan ne haɗin da ake kira ORS ya bazu a duniya.

Ana samun ƙullinsa a asibitoci da kemis. A karanta abin da aka rubuta a jikin takardar, domin yawancinsu na lita ɗaya ne, wasu kuma na ƙasa da haka. Lita ɗaya daidai take da ruwan leda biyu masu santilita 50. A zuba ƙullin gaba ɗaya cikin ruwa mai tsabta, ko wanda aka tafasa ya huce. Yaron da bai kai shekara biyu ba ana ba shi mililita 50 zuwa 100, wato rubu'i zuwa rabin kofi, bayan kowane zawo; daga shekara biyu zuwa goma, rabin kofi zuwa kofi guda. Da cokali ake bayarwa, kaɗan-kaɗan. Idan ya yi amai a dakata minti goma, sannan a ci gaba a hankali fiye da da. Abin da ya rage bayan sa'o'i 24 a zubar, a haɗa sabo.

Inda babu ƙullin, ana iya haɗawa a gida: cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri, a shafe ba a tule ba, cikin lita ɗaya na ruwa. A nan dole a kiyaye ma'auni, domin gishiri idan ya yi yawa yana da haɗari ga yaro, sukari kuma idan ya wuce kima ƙara gudawar yake yi. Saboda wannan dalili ne lemon kwalba bai dace da mai zawo ba, duk da yadda masu zuwa dubiya ke son riƙo shi.

A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙara da shawarar a haɗa da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14; ma'aunin da suka bayar a wancan lokacin shi ne miligiram 20 kullum, jaririn da bai kai wata shida ba kuma miligiram 10. Tana rage tsawon ciwon da tsananinsa, tana kuma kare yaro daga sake kamuwa na wata biyu zuwa uku. Kuskuren da aka fi yi shi ne dainawa da zarar zawon ya tsaya.

Kada a hana yaron nono ko abinci da sunan hutar da ciki. Gudawa da tamowa abokan tafiya ne: kowacce na share wa ɗaya hanya.

Magungunan da ba su da gurbi

Al'adar zuwa kemis a karɓo Flagyl ko kafso da an ga zawo ta zama ruwan dare a birane, har a gidajen masu ilimi. Mafi yawan gudawar yara ba ta buƙatar irin waɗannan magunguna, kuma ba sa taɓa ƙwayar rota ko kaɗan. Gurbinsu shi ne atuni, kwalara mai tsanani da wasu 'yan lokuta da ma'aikacin lafiya zai tantance. Magungunan tsayar da zawo irin su Imodium kuwa ba a ba wa ƙananan yara su sam, domin suna iya sandarar da hanji, ciki ya kumbura.

A garzaya asibiti idan yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da duk abin da aka ba shi, akwai jini a kashinsa, ga zazzaɓi, ya yi laushi ba ya iya buɗe ido, ya suma ko yana jijjiga. Haka nan idan zawon ya zama kamar ruwan wankin shinkafa, wanda alamar kwalara ce, musamman da damina. Ɓarkewarta a 2021 ta shafi mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta fi ƙamari a jihohin Arewa. Jariri ɗan ƙasa da wata biyu, da yaro mai tamowa, ba a jira da su a gida. A ci gaba da ba da ruwan gishiri da sukari a kan hanya matuƙar yaron na iya haɗiya.

Ta fuskar rigakafi, shayar da nonon uwa zalla na wata shida, wanke hannu da sabulu bayan an yi wa yaro tsarki da kuma kafin a ba shi abinci, zubar da kashin yara a masai, da amfani da kofi da cokali maimakon fida, duk suna rage kamuwa. Najeriya ta shigar da rigakafin rota cikin jerin na yau da kullum a watan Agustan 2022. Ɗiga shi ake yi a baki, a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa, kuma kyauta ne a cibiyoyin lafiya na gwamnati.