Da layin 1898 ya tsaya, da Ingilishi munka karanta a Ƙonni



Yaranmu na kwaleji sun cika cewa angile ya fi ƙarfinsu, wai baƙon harshe ne. To mu koma tarihi mu ga ko baƙo ne da gaske.

A watan Yuni na 1898, Ingila da Faransa sunka zauna a birnin Paris sunka raba ƙasar Hausa bisa takarda. Anka zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, kimanin kilomita 160, anka ce duk abin da ke ciki rabon Ingila ne. Tsakanin Ƙonni da Sakkwato ko kilomita 100 bai cika ba. Ke nan a wannan takarda muna cikin rabon Ingila, har lokacin da sojojin Voulet da Chanoine sunka ƙone Birnin Ƙonni a watan Mayu na 1899.

Mi ya canza lamarin? Ruwa. Da'irar ta tura Faransawa can arewa inda rijiyoyi ba su da yawa, alhali suna neman hanya daga kogin Kwara zuwa Damagaram da tafkin Cadi. Sunka yi ta matsa wa Ingila har anka gyara layin a 1904, anka sake gyara shi a 1906. Tsakanin 1906 da 1908 ayarin kyaftin Tilho da na Ingilishi sunka bi ƙasa suna kafa alamun iyaka. Haka Ƙonni ta faɗo hannun Faransa, Illelar Najeriya ta tsaya wancan gefen, mu kuma munka shiga lakwal da Faransanci.

Amma iyaka ba ta tare magana. Direba, fasinja, lodi, taya, birki, fetur, canji, bokiti, kwastan: duk Ingilishi ne da ya shigo ta tasha da kasuwa, yana zaune kusa da isansi da duwan na Faransanci. Asibitin Galmi da mishan na SIM sunka buɗe a 1950 ya kawo likitoci masu jin Ingilishi cikin yankin Malbaza, kuma albasar Galmi tana kai 'yan kasuwarmu har Gana.

Akwai wata gara kuma da wanda ya yi lakwal yake da ita. A 1066 Wiliyam na Normandi, daga arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na kusan shekara 300. Shi ya sa village, question, nation da important suke da rubutu ɗaya da ma'ana ɗaya a harsunan biyu.

To nan ne tarkon yake, jama'a. Kalma in ta yi tafiya, ba kullum take isowa da ma'anarta ba. Sati da muke cewa mako, asalinsa Saturday ne, ranar Asabar kawai. Kwabo daga copper ya fito, wato jan ƙarfe. Tsakanin Faransanci da Ingilishi abin ya fi haɗari. Ɗan kasuwa ya ga sale a ƙofar shago a Sakkwato, lakwal ta koya mai ƙazanta, alhali sayarwa ake nufi. Pain a wurinmu burodi ne, a takardar likita ta Ingilishi ciwo ne. Location a Yamai haya ce, a Legas wuri ne. Ɗalibin da ya tafi Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya nemi library da kuɗi a hannu zai sha mamaki, don ɗakin karatu ne, ba a sayar da littafi ciki. Kuskure irin wanga a takardar ciniki ko ta magani ba abin dariya ba ne.

Kuma maganar ta wuce ta jarrabawa. Dokar sake gina ƙasa ta watan Maris 2025 ta sa Hausa harshen ƙasa, ta sa Ingilishi da Faransanci harsunan aiki.

Shawararmu ga matasa: a daina haddar jerin kalmomi kamar aku. Ka fara da sana'arka, ko mota, ko albasa, ko waya. Ka samu ƙaramin littafi, kowace kalma ka rubuta ma'anarta da Hausa, sannan jimla guda da ka ji ko ka gani an yi amfani da ita. Wadda ta yi kama da Faransanci, kar ka yarda da ita sai ka duba ƙamus. Biyar a rana da ka san ma'anarsu sun fi hamsin da ka haddace.

Allah Ya ba yaranmu basira, Ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.