Lissafin Kwantam da Hasken Lesa: Abin da Yake Iyawa da Inda Ya Tsaya

Lissafin kwantam da hasken yau da kullum hanya ce ta gudanar da matakan lissafin da aka tsara wa kwamfutar kwantam, amma da hasken lesa, madubai, gilasan raba haske da faifan da ke jinkirta taguwarsa. Kayan nan karkatar da haske suke yi, su raba shi ko su haɗa shi, ba tare da wani haske ya sauya halin wani ba.

Tushen abin shi ne haske taguwa ne. Idan taguwa biyu suka haɗu, ko su ƙarfafa juna ko su kashe juna. Da wannan ɗabi'ar lissafin kwantam yake aiki: amsoshin da ba daidai ba su dushe, ta gaskiya ta fito fili. A 1994 Michael Reck da Anton Zeilinger da abokan aikinsu suka nuna cewa duk wani juyin lissafi na irin wannan ana iya gina shi da waɗannan kayan.

Misali mafi shahara shi ne dabarar bincike ta Lov Grover ta 1996, wadda ke gano abu ɗaya cikin miliyan da matakai kimanin 1,000, maimakon kusan 500,000. A 2002 masana a Jami'ar Amsterdam, ciki har da Robert Spreeuw, suka gwada ta da ɗan guntun hasken lesa mai kai-komo tsakanin madubai biyu. Kowane zagaye mataki ɗaya ne, kuma hasken ya riƙa taruwa a gurbin abin da ake nema.

Sai dai akwai tsada. Kowane kubit, wato ma'aunin bayanan kwantam, idan aka ƙara shi, hanyoyin hasken da ake buƙata sai sun ninka biyu. Kubit 10 na neman hanyoyi 1,024, kubit 20 kuwa 1,048,576. Kwamfutar kwantam ta ainihi tana kauce wa wannan ne saboda sarƙewar ƙwayoyinta da juna, abin da hasken yau da kullum ba ya da shi.

A 2001 Knill da Laflamme da Milburn suka nuna mafita: a yi aiki da ƙwayoyin haske ɗai-ɗai tare da na'urorin auna su. Saboda haka, duk na'urar haske da aka tallata da sunan kwamfutar kwantam, tambayar da ke bambance ta ita ce: nawa kayanta ke ƙaruwa idan an ƙara kubit ɗaya?